Inshorar Gona da ta Dabbar Turka: Jagora ga Magatakardan Ƙungiyoyin Manoma

Da zarar an fara yankan gero, ƙorafi iri ɗaya ke tasowa daga ƙungiyoyin manoma na ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi, Tsanyawa da Minjibir: an cire mana kuɗin inshora, amfani ya lalace, ba mu ga ko sisi ba. Aikina shi ne shiga tsakanin ƙungiyoyi da kamfanonin inshora, tun daga cike takarda har zuwa neman diyya. Idan na bi sawun irin wannan ƙorafi, sau da yawa nakan tarar tun ranar rajista maganar ta lalace. An rubuta masara a gonar da gero ne a cikinta, ko an biya kuɗi bayan shuka ta fara yaushi, ko an kai rahoto bayan dabbobi sun shiga sun cinye abin da ya rage. Akwai lokacin da laifin na kamfani ne, wannan gaskiya ne, amma takardar da aka cike da ka ita ke ba shi ƙofar fita. Sababbin magatakarda da matasan wakilai na ta maimaita waɗannan kurakurai, kuma wanda ke kwana da asarar shi ne magidancin da ya ɗauki bashi. Domin su na rubuta wannan jagora.

Abin da ya sa gonarmu ke da wuyar karewa

Kamfanin inshora yana son abu mai sauƙin aunawa: gona guda babba, iri guda, mai ita guda, da tarihin abin da take bayarwa a rubuce. Gonar arewacin Kano ba haka take ba. Jama'a sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, gado ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Magidanci ɗaya yana iya noma gona uku ko huɗu a wurare daban-daban, wata ta gado, wata ta aro, wata ta jingina, ga gayaunar yara a gefe. A kunya ɗaya akwai gero da dawa, an ratsa wake ko gyaɗa a tsakani. Ba a barin gona ta huta, takin gida da ake jidowa a jaki ko a amalanke shi ke riƙe da ita. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan tsari tun shekarun 1960, ya nuna cewa haɗa iri da haɗa noma da kiwo dabara ce ta tsira daga shekara mara kyau. To, dabarar nan ita ce ba ta da gurbi a takardar kamfani.

Matsala ta biyu ta fi girma. Gobarar shago takan ci mutum ɗaya ko layi ɗaya, sauran masu zubi su ɗauki nauyinsa. Fari kuwa kowa yake kamawa a lokaci guda. Haka aka yi a farin 1972 zuwa 1974, haka aka yi a 1983 da 1984. A 1975 cutar da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa ta durƙusar da gyaɗa a faɗin Arewa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta share tumatir a Kano da Kaduna, kuma a shekarar ne aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya. Kamfanin da ya karɓi dubban manoman yanki ɗaya yana iya wayar gari duk suna bin sa bashi. Shi ya sa yawancin kamfanoni suka daɗe suna guje wa noma, waɗanda suka shiga kuma sai sun sayar da wani kaso na haɗarin ga manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanoni inshora, irin su Africa Re da aka kafa a 1976 mai hedikwata a Legas, ko kasuwar Lloyd's ta Landan wadda ta yi suna wajen karɓar haɗarin da kowa ya ƙi. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin sharuɗɗan da ke takardarka an rubuta su ne yadda za su gamsar da waɗancan na nesa, waɗanda ba su san manominka ba, hujja kawai suka sani.

Kayan aiki

Kafin ka tunkari kowane kamfani, ka tanadi waɗannan:

Takardar rajistar ƙungiya da asusun banki da sunanta.
Jerin 'yan ƙungiya, kowa da lambar NIN, lambar BVN da lambar wayar da ke hannunsa.
Waya mai ɗaukar hoto wadda ke nuna kwanan wata, da manhajar auna gona.
Babban littafi mai bango mai ƙarfi, kowane manomi da shafinsa.
Rasidin iri, taki da maganin feshi.
Shaidar mai unguwa ko dagaci a kan gonar aro, haya ko jingina.
Lambar malamin gona na hukumar noma ta jiha, KNARDA, da ke kula da yankinku, da ta likitan dabbobi idan akwai kiwo a ciki.

Mataki na 1: Ku zauna ku fitar da abin da kuke tsoro

Kada ka fara da tambayar kamfani me yake sayarwa. Ka tara 'yan ƙungiya tun bazara, ka tambaye su me ya fi karya su a shekarun baya. Manomin tudu a Kunchi zai ce maka ɗaukewar ruwa bayan shuka, ko yankewarsa kafin dawa ta nuna. Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar Watari ta Bagwai ko ta Thomas zai ce tsutsa da ambaliya. Matan da ke turka rago domin Babbar Sallah za su ce mutuwar dabba ana saura 'yan makonni a kai ta kasuwa. Kowanne da irin inshorar da ta dace da shi, kuma wani haɗarin ba a sayar da kariyarsa sam. Faɗuwar farashi a kasuwar Dawanau ba ta shiga inshorar gona. Ƙuduji da gajiyar ƙasa ma ba sa shiga, domin abubuwa ne da aka riga aka san suna nan. Gara manomi ya ji wannan daga bakinka tun yanzu da ya ji shi daga bakin mai tantance asara a watan Oktoba.

Mataki na 2: Zaɓi irin inshorar

Iri na farko shi ne wanda ake zuwa a duba gonarka kai kaɗai. Shi ne tsohon tsarin hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin a 1987, doka ta 37 ta 1993 ta mayar da shi hukuma. Yana kare amfani daga fari, ambaliya, iska mai ƙarfi, gobara, tsawa, ƙwari da cututtuka, da ɓarnar namun daji. A kan zaɓaɓɓun amfanin gona da dabbobi, tsarin ya tanadi rangwamen rabin kuɗin: tarayya ta ɗauki kashi 37.5 cikin ɗari, jiha ta ɗauki 12.5. Ka tambaya a ofishinsu ko abin da kuke nomawa yana cikin masu rangwame a wannan shekarar. Kamfanoni masu zaman kansu, kamar Leadway, su ma suna sayar da inshorar noma.

Iri na biyu shi ne na ma'aunin yanki, kuma a nan ne rigima ta fi yawa, don haka zan ɗan tsaya. A wannan tsari ba a zuwa gonarka. Ana ware yanki, a ce matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a nan kaza ne. Da kaka sai ma'aikata su zaɓi wasu gonaki, su yanke 'yan murabba'ai, su sussuke su auna. Idan matsakaicin yankin ya faɗi ƙasa da iyakar da aka amince, kowa a yankin yana samun diyya, har wanda gonarsa ta yi kyau. Idan bai faɗi ba, babu wanda zai samu, ko da gonarka ta ƙone ƙurmus. Akwai kuma wanda ake dogaro da yawan ruwan sama da tauraron ɗan'adam ko tashar auna ruwa ta nuna. Amfanin wannan tsari shi ne araha da sauri, domin babu kuɗin yawon duba ƙananan gonaki dubu. A kan irin wannan ma'auni hukumar African Risk Capacity ta Tarayyar Afirka ta biya Nijar, Senegal da Muritaniya diyyar fari a farkon 2015. Amma duk wanda ya tashi a nan ya san halin ruwanmu: hadari zai zuba a wannan unguwa ya tsallake ta gaba da ita. Idan yankin da aka sa ku ya yi faɗi, fadamar wasu za ta rufe asarar tudunku. Tambayoyin da za ka yi kafin sa hannu su ne: ina iyakar yankinmu, nawa ne matsakaicin da aka ɗora mana, daga ina aka samo shi, a kashi nawa diyya ke farawa, kuma za a bar wakilinmu ya halarci aunawa? A ganina, ƙungiyar da ba a amsa mata waɗannan a rubuce ba ta dakata.

Sai maganar addini, wadda ba za ka kauce mata ba. Dattijo zai tambaye ka, Malam, wannan ba caca ba ce? Kada ka yi masa gardama, tambayarsa tana da tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana da garari, ta kuma halatta ta taimakekeniya. A kan taimakekeniya aka gina takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979: mahalarta suna zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda masifa ta afka wa, kamfani ya ɗauki ladan kulawa, rarar da ta rage a raba. Hukumar NAICOM mai sa ido kan inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi a 2016. Ka tambayi kamfanonin takaful ko suna da tsarin noma ko na kiwo da ya dace da ku, ka kuma kai takardar gaban malamin da jama'arku suka amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kada a saka sunansa a ɓoye.

Mataki na 3: Auna gona, ka rubuta abin da ke cikinta

Nan ne mafi yawan diyya ke mutuwa. Tun ran gini, tun ran zane.

Ka taka kowace gona da ƙafarka, ka zagaye iyakarta da manhajar aunawa, mai gona yana gabanka yana nuna maka gamba ko itacen da ya raba shi da maƙwabci. Kada ka yarda da ƙiyasi. Manomi zai ce maka eka biyu ce, aunawa ta nuna ɗaya da kwata. Ba ƙarya yake ba, haka ya ji daga mahaifinsa. Amma ranar asara mai tantancewa zai sake aunawa, idan ya ga an yi ƙari sai ya zargi duk takardar. Idan mutum yana da gona uku, ka shigar da kowacce daban, da lambar wurinta. Sababbi sukan tsaya a ƙofar gidan manomi ko a gindin rimin dandali su ɗauki lamba guda su liƙa wa mutum goma. Ranar da aka duba hoton tauraron ɗan'adam aka ga rufin kwano a inda aka ce dawa ce, an gama magana.

Sai maganar iri. Takarda tana da gurbi ɗaya, gona tana da iri uku. Kuskuren da aka saba shi ne a rubuta abin da shirin bashi yake so a ji, galibi masara ko shinkafa, alhali gero da wake ne a ƙasa. Dokar inshora ta ginu a kan cewa mai nema ya bayyana gaskiyar duk abin da zai shafi lissafin kamfani. Idan ya ɓoye ko ya canza, kamfani yana da damar soke yarjejeniyar gaba ɗaya, ko da asarar gaskiya ce. Abin yi shi ne ka rubuta babban irin, ka ƙara a fili cewa an haɗa shi da kaza da kaza, ka nemi kamfani ya amsa a rubuce ko ya yarda da haɗin, da kuma wanne daga ciki ya karɓa. Idan ya ce sai iri guda zalla, to manomi ya ware gona ɗaya ya shuka shi zalla, sauran ya bar su a tsarin da ya gada. Ban taɓa ba manomi shawarar ya rushe haɗinsa duka domin takarda ba, domin waken da ke tsakanin kunya shi ke ciyar da gida a shekarar da dawa ta ƙi, harawarsa kuma ita ke riƙe awaki har bazara.

Sunan wa za a sa? Na wanda ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa, shi ne asarar za ta ci. Idan gonar aro ce ko ta jingina, ka haɗa da shaidar mai unguwa. A gidan gandu a fayyace ko maigida ne ke karɓa a madadin kowa. Gonar da mace ta gada ko ta saya, a sa sunanta da asusunta, ko da miji ko ɗa ne ke noma mata, muddin kuɗinta ne a ciki.

Mataki na 4: Tsayar da adadin kuɗin

A tsarin duba gona, abin da ake karewa galibi kuɗin da aka kashe ne: huɗa, iri, taki, noma, feshi. Buhunan da manomi ke fatan samu ba sa ciki. Wannan sai ka maimaita shi a taro har ya zauna. A ƙaddara manomi ya kashe naira 200,000 a gona, a ƙaddara kuma kamfani ya ce kashi 4 cikin ɗari: kuɗin inshora naira 8,000 ke nan, idan akwai rangwamen rabi ya biya 4,000. Wannan misali ne na lissafi, ainihin kason sai ka tambaya. Iyakar abin da zai iya samu 200,000 ce, kuma ba lallai ya samu duka ba. Ana duba matakin da amfanin ya kai: wanda ruwa ya cinye a mako na uku ba a kashe masa kuɗin maimai da feshi ba, don haka ba za a biya su ba. Ana kuma cire wani kaso da aka ce manomi ya ɗauka da kansa.

Kada ka rage adadin don a biya kaɗan, domin da shi za a auna diyyar. Kada kuma ka kumbura shi, sai ka kawo rasidi. Ƙwadagon iyali da takin gida ba su da rasidi, ka tambaya tun farko ko ana lissafa su, da kuma yadda ake yi.

Mataki na 5: Biya kafin haɗari ya leƙo

Sashe na 50 na dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ya ce sai an biya kuɗi kariya ke farawa, kuma NAICOM ta tsananta aiki da wannan daga farkon 2013. Alƙawarin za mu biya idan an sayar da wake ba ya kare kowa. Kamfanoni kuma suna rufe rajista a farkon damina, saboda ba za su karɓi gonar da fari ya riga ya taɓa ba. Daminarmu wata huɗu ce ko ƙasa da haka, daga Yuni zuwa Satumba, don haka komai ya kammala a watan Mayu. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara zai taimaka muku wajen sanin lokacin shuka da aka sa ran yankinku. Masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, su tambaya ko kariya na farawa daga ranar shuka ne ko sai tsiro ya fito ya kafu. A yawancin yarjejeniyoyi sai ya fito.

Ka biya ta banki zuwa asusun kamfani, ba hannun mutum ba. Ka tabbata kamfanin da wakilin suna da lasisin NAICOM. Ka karɓi rasidi da takardar yarjejeniya mai lamba, tare da jerin sunayen da aka karɓa, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Idan inshorar a cikin bashi take, kamar yadda aka yi a shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, to ka yi hattara da abu biyu. Cire kuɗin inshora daga bashin bai tabbatar da cewa sun isa kamfani ba, sai ka ga takardar. Sannan a irin wannan tsari diyya takan fara zuwa banki ne a rage bashi. Manomin da ba a faɗa wa haka ba zai ce an cinye haƙƙinsa.

Mataki na 6: Karanta abin da aka toge

Ka sa a karanta shafin togaciya a fassara shi a gaban 'yan ƙungiya. Abubuwan da aka saba togewa su ne sakaci, kamar ƙin noma ko ƙin feshi, sai sata, tarzoma da yaƙi. Ɓarnar shanun makiyaya galibi ba ta shiga, domin shanu ba namun daji ba ne. Ka tambayi matsayin tsuntsun jan baki da fara da sunansu. Ka kuma duba ranar da kariya ke ƙarewa. Inshorar gona takan tsaya da girbi, saboda haka damin geron da aka jingine a gona yana shan iska, da hatsin da ke rumbu ko a ɗakin ajiya, suna buƙatar inshorar gobara ta daban. Ƙungiyar da ke tara riɗi ko wake tana jiran farashi ta fi kowa buƙatar wannan.

Mataki na 7: Riƙe littafi har kaka

Ranar shuka, ranar noman farko, ranar zuba taki da yawansa, ranar feshi da sunan magani, duk su shiga shafin manomi. A ɗauki hoto daga kusurwa ɗaya a kowane mataki, wata alama da ba ta motsi, kamar gawo ko kuka, ta fito a ciki. Wannan ne zai kore zargin sakaci. Idan tsiron farko ya mutu aka sake shuka, ko aka canza iri, a sanar da kamfani a rubuce a makon.

Mataki na 8: Ranar da asara ta auku

Abu na farko shi ne sanarwa. Kowace yarjejeniya tana da wa'adi, kuma gajere ne, kwanaki kaɗan, na dabba ma wani lokaci awanni. Ka haddace naku. Ka kira, sannan ka bi da saƙon waya da wasiƙa, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka jira a gama ganin iyakar ɓarnar. A fari musamman, mutane kan ce bari mu ga ko ruwa zai dawo, kafin su ankara wa'adi ya wuce. Ka sanar tun ganye ya fara naɗewa, idan Allah ya kawo ruwa sai ka janye.

Abu na biyu, kada a taɓa gonar kafin mai tantancewa ya zo. Wannan yana da ciwo a wurinmu, na sani. Manomi yana kallon gero ya mutu, yana son ya kaɗe ya shuka wake ko kankana kafin danshi ya ƙare, ko ya yanke karan ya ba dabbobi. Idan jira zai sa a rasa sauran damina, ka nemi izinin kamfani a rubuce, ka kawo malamin gona da mai unguwa su gani su sa hannu, a ɗauki hoto da bidiyo, a bar wani yanki na gonar yadda yake. A lokaci guda kuma wajibi ne manomi ya yi abin da zai rage ɓarnar: ya buɗe wa ruwa hanya, ya yi feshi idan tsutsa ce. Wanda ya naɗe hannu saboda yana da inshora, za a rage masa ko a hana shi.

Ranar tantancewa ka kasance a wurin da littafinka. Kada manomi ya sa hannu ko ya dangwala a kan abin da ba a karanta masa ba. Ka ɗauki hoton takardar kafin a tafi da ita.

Mataki na 9: Idan dabba ce

Shanun huɗa, san turka da ragon layya suna da nasu sharuɗɗan. Likitan dabbobi zai duba lafiya ya rubuta shaida, a sa wa dabbar lamba a kunne, a ɗauke ta hoto ta gefe biyu, a ajiye katin rigakafi, musamman na ciwon huhu ga shanu. Idan lambar ta faɗi a sanar nan take, domin dabbar da ba ta da lamba ba a san ta ba. Yawanci akwai 'yan kwanakin farko da ba a biyan mutuwar cuta, don kada a shigo da dabbar da ta zo da ciwonta daga kasuwa. Ka lissafa wannan idan turkar ta wata biyu ce ko uku.

Ga wurin da al'adarmu ke karo da takarda: dabba ta kwanta, maigida zai ce a kawo wuƙa kada ta zama mushe. Wannan daidai ne, amma yankan da ba likita ne ya ba da umarni ba kamfani yana iya ƙin biyansa. Ka samo amsar wannan a rubuce tun ranar rajista. Idan abin ya zo da dare, a kira likita a waya, a ɗauki bidiyon dabbar kafin yanka da lambarta a bayyane, a ajiye kunnen da fatar, a rubuta abin da aka sayar da naman, domin za a cire shi daga diyya. Satar dabbobi, wadda ke damun ƙauyukan da ke kan iyakar Katsina, ba ta cikin inshorar kiwo ta yau da kullum, sai an nemi a ƙara ta, kuma ba kowane kamfani ke yarda ba. Masu kajin gidan gona su tambayi matsayin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006 ta kuma sake dawowa Kano a 2015, domin wasu yarjejeniyoyin suna toge annobar da gwamnati ke ba da umarnin kashe kaji a kanta.

Mataki na 10: Karɓar diyya da ɗaukaka ƙara

Idan kamfani ya aiko da tayinsa, ka nemi lissafin dalla-dalla: faɗin da aka amince, kason asara, matakin amfani, abin da aka cire. Ka gwada shi da littafinka. Akwai takardar sallama da ake sa wa hannu kafin biya, wadda ke nuna an gamsu. Kada a sa mata hannu sai an gamsu ɗin, domin bayanta babu sauran magana. Idan an ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce, ka mayar da amsa da hujjojinka ga shugaban ofishin, idan ba a daidaita ba ka kai koke sashen karɓar ƙorafi na NAICOM tare da lambar yarjejeniya, rasidi, kwafin sanarwa da hotuna.

Idan kuɗin sun shigo asusun ƙungiya ne a dunƙule, ka kira taro, a gayyaci mai unguwa, a karanta sunan kowa da abin da ya samu da dalilin bambancin, a tura wa kowa ta asusunsa, ya sa hannu a littafi. Wanda bai samu ba a nuna masa shafin da ya hana shi. Kafin a watse, a rubuta matsakaicin buhunan da kowace gona ta bayar a shekarar, mai kyau da mara kyau. Bayan 'yan shekaru wannan lissafi ne za ku ɗora a teburin kamfani idan kuna neman a rage muku kaso, ko a gyara matsakaicin da aka ɗora wa yankinku.